Ƙarfen Wuyan Bajamushe

Wata Juma'a cikin damina, shekara biyu da ƙaddamar da shari'a a Katsina, Injiniya Amadu ya sauko daga masallaci ya tarar da shagonsa na ƙofar gida a buɗe. Rediyonsa na nan, agogonsa na kan taga inda ya bar shi. Ƙaramin akwatin katako da ke ƙarƙashin gadonsa ne kaɗai babu.

A Zango kowa ya san da akwatin nan, amma kaɗan ne suka taɓa ganin cikinsa. Amadu Rasha ake ce wa mai shi, domin shekara shida ya yi a ƙasar Rasha yana karatun injinan gona, ya dawo da takardar shaida da wannan akwati. Wasu na cewa zinariya ce a ciki, wasu na cewa kayan tsafin Turawa ne. Kafin la'asar ƙofar gidan ta cika da jama'a, kowa da wanda yake zargi, kuma kowa na maganar yanke hannu, don a shekarun nan ba a ambaton sata a bar wannan.

Mai unguwa Lawal ya tura babur garin Babban Mutum aka ɗauko Zailani mai bin sawu. Siririn mutum ne, ya ba hamsin baya, a wurin mahaifinsa ya koyi sana'ar, suna bin shanun sata har cikin Nijar. An san shi da hali guda: ba ya faɗin abin da ya gani sai ya kai ƙarshen sawu.

An yi ruwa da hantsi, ƙasa ta yi laushi, amma ƙafafun 'yan kallo sun cakuɗa komai. Zailani ya sa aka ja da baya, ya zagaya sau biyu a sunkuye, ya tsaya gefen dakali inda wani siririn layi ya tsira.

Mai unguwa ya matso ya ce, "Malam Zailani, ka ga jama'a sun matsa mini. Ko kalma ɗaya ce ba ni in kwantar musu da hankali."

Zailani ya ce, "Baro ya tsaya nan bayan ruwa. Ya tafi da nauyin da ya fi wanda ya zo da shi."

Bai ɗaga murya ba, amma samarin da ke bayansa sun ji. Wani ya ce, "Saminu ɗan gwangwan!" Kafin Zailani ya miƙe daga tsugune sun bar wurin a guje.

A bayan tasha suka cim masa. Lokacin da mai unguwa da Zailani suka isa, Saminu na kwance cikin taɓo, hannunsa na dama a karye. An zazzage baronsa: gwangwanaye ne, da tsohon bakin garma, da fasasshiyar tukunyar ƙarfe. Babu akwati.

*

Da aka kai Saminu gidan maɗori, Zailani ya koma shagon ya zauna kan tabarma gaban Injiniya Amadu.

"Injiniya, ban san abin da nake nema ba. Mene ne a ciki?"

Amadu ya cire tabarau ya murza ido. "Hotuna. Da wata lambar yabo ta sojan Jamus, baƙa, mai siffar kuros. Da cokali ɗaya. Da ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannun yaro. Ɗan gwangwan ma ba zai ba ka goro a kansu ba."

"To me ya sa aka yi musu akwati?"

Amadu ya ce garin da ya yi karatu shi ne wanda a lokacin yaƙin Hitila ake kira Stalingrad, a bakin kogin Volga. Nan sojan Jamus da na Rasha suka kwashe wata biyar suna kashe juna gida-gida, har sanyi ya sauko aka zagaye Jamusawa, yunwa da ƙanƙara suka gama da su.

"Mutanen da suka mutu a wurin, Malam Zailani, ko ka tara mutanen ƙasar Daura kaf, maza da mata da jarirai, ba na jin sun kai. Rashawa sun gina wa nasu wani tsauni, da mutum-mutumin mace riƙe da takobi, tsawonta ya fi duk wata hasumiya da ka taɓa gani. Akwai wuta da ba a barin ta mutu, da sunaye cike da bango. Amare ma ranar aure can suke kai furanni. Su kuwa Jamusawa, a zamanin da nake can, ko dutse ɗaya ba a aza musu ba. Su suka kawo yaƙin, ba wanda ke son jin sunansu."

Kowace kaka, in ji shi, akan kwashi ɗalibai a kai su gona su taya girbi. Wata rana yana bin bayan tarakta garma ta tono ƙasusuwa. Wata tsohuwa da ke aiki a gonar ta zo da kwando ta tsince su ba ko mamaki, ta ce duk shekara haka gonar ke yi. A cikin kunya ɗaya ya tsinci cokalin, an karce sunan mai shi da haruffan Rasha, da lambar yabon, da ƙarfen.

"Shi ƙarfen a wuya sojan Jamus ke rataya shi. Akwai tsaga a tsakiya, lamba iri ɗaya sama da ƙasa. In soja ya mutu sai a karya rabi a kai ofis a sanar da iyayensa, a bar rabi a jikin gawa. Nawa ba a karya shi ba."

"Ke nan ba a sanar da kowa ba."

"Ba a sanar ba."

Zailani ya duba kwadon ƙofar. Ba a fasa shi ba. Amadu ya ce makulli a saman ƙyaure yake ajiye shi, kuma rabin unguwa sun san haka. Da aka tambaye shi wa ya ga kayan kwanan nan, sai ya ce Malam Zakiyyu, jiya Alhamis, kuma ba su rabu da daɗi ba.

*

Saminu na jingine da bango a gidan maɗori, an ɗaure hannun da karare, wani ɗan sanda na zaune a ƙofa yana gadinsa. Saminu mutumin wani ƙauye ne wajen Magarya a Nijar, shekara huɗu yana tura baro a Zango.

Zailani ya yi masa sannu, ya ce, "Ka tsaya a ƙofar Injiniya?"

"Na tsaya. 'Yarsa ce ta kira ni, Haulatu, ta ba ni bakin garma da tukunya. Ku tambaye ta mana. Na yi ta faɗa musu, ba wanda ya saurara."

"Shagon a buɗe yake?"

"A kulle, da kwadonsa. Ina barin wurin aka fara huɗuba." Ya dubi hannunsa. "Suna dukana suna cewa gobe alƙali zai sa a yanke. Na ce ai kun hutar da alƙali." Sannan ya ɗago. "An ce wani mai bin sawu ne ya nuna ni. Kai ne?"

Zailani ya ce, "Ni ne."

Saminu ya juya fuskarsa ga bango.

Malam Zakiyyu matashi ne mai koyarwa a Islamiyya, bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Zailani ya same shi bayan magariba a ƙofar masallacin unguwa. Bai musa rigimar ba.

"Na ji ana cewa akwai kuros a gidan, na je na yi masa nasiha. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya yana yi mini tarihi, murya a sama, har cikin gida ana ji. Na ce masa, Baba, mutanen nan ba Musulmi ba ne, yaƙinsu ba namu ba ne, me ya haɗa ka da su? Ya ce yaƙin nasu ne ya ci ubansa. Na ce a jefar da kuros ɗin, ya ce in fitar masa daga shago."

"Sai ka dawo ka ɗauka."

"A sahun farko na yi Juma'a, liman shaida ne. Kuma da ni ne, kuros ɗin kaɗai zan ɗauka, in kai gaban jama'a. Ba zan ɓoye ba."

Liman ya tabbatar. Zailani ya kwana a zauren mai unguwa ba shi da komai a hannu sai karyayyen hannun mutumin da bai ji ba bai gani ba.

*

Gari na wayewa ya bar ƙofar gida, ya zagaya ta baya inda 'yan kallo ba su taka ba. Akwai wata ƙaramar ƙofar langa-langa da ke fita gonar gero ta Injiniya. A nan ya ga sawu, fita da dawowa. Silifas ɗin namiji ne, babba, amma takun gajere ne ƙwarai, kuma gaban takalmin bai nutse ba, alamar ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. A gefen dama, bayan kowane taku biyu, akwai tabon sanda. Wannan tabon ne ya tsayar da shi. Sandar makiyayi rami take yi zagayayye, ta tsoho kuma takan yi tsini. Wannan kuwa faffaɗa ce, da ɗan doro, kamar an danna ƙasa da bayan ludayi.

Ya bi a hankali. Tafiyar ba ta fi taku ɗari biyu ba, amma sau uku mai sawun ya zauna kan kunya ya huta. A wurin hutu na biyu ya ga akwatin a gindin gero, an ɗora shi kan duwatsu biyu, an lulluɓe shi da ganye kada ruwa ya taɓa shi. Hotuna na ciki, kuros na ciki. Cokali da ƙarfe babu.

Sawun ya ƙare a gindin wata kuka. A nan akwai ɗan tarin ƙasa, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, an shafe shi da hannu sumul. An miƙar da shi kudu da arewa, an kafa tsingaro a kai. Zailani ya halarci jana'iza da yawa, ya san abin da yake kallo. Bai tona ba.

Ya nemi izinin Injiniya aka yi masa iso cikin gida don ya duba ƙofar bayan. Haulatu ce ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta. Ta tabbatar da maganar Saminu, ta ce jiya ma ta faɗa, aka ce mata ta yi shiru ba maganar mata ba ce. Bayan tafiyarsa maƙwabta ta shiga kitso.

"Wa kika bari a gida?"

"Gwaggo Nana kaɗai, yayar Baba." Ta nuna wani ɗaki mai asabari a ƙofa. "Ita kuwa gwiwa ta hana ta, shekara biyu ko zaure ba ta leƙa ba."

A jikin madafi an jingine wata doguwar muciya, irin ta tuwon biki. An wanke ta, amma akwai jar ƙasa a cikin tsagar bakinta. Zailani ya ɗauka ya juya ta.

Haulatu ta ce, "Ni ma abin ya ba ni haushi. Jiya na zo tuƙa tuwo na tarar da ita duk laka, ban san wanda ya yi wasa da ita ba."

Zailani ya danna bakin muciyar a damshin gindin randa, ya dubi tabon, ya share shi da ƙafarsa. Daga bayan asabari ya ji carbi yana tafiya, sai kuma ya tsaya.

Ya fita ya daɗe zaune a kan dakali. Da so samu ne ya mayar da akwatin ya ce a gona ya tsinta, ya hau babur ya koma gida. Amma ɗan sanda na nan zaune a ƙofar maɗori, kuma muddin ba a san wanda ya ɗauka ba, Saminu ne ɓarawo a bakin mutanen Zango.

*

Bayan azahar aka taru a zauren Injiniya: mai unguwa, da liman, da Zakiyyu, da ɗan sandan da Saminu, da uku daga cikin samarin jiya. Zailani ya roƙa a bar ƙofar cikin gida a buɗe, mata su ji. Ya ajiye akwatin a tsakiya.

"Jiya na yi magana ban kai ƙarshen sawu ba," in ji shi. "Shekara talatin ban taɓa yi ba. Nauyin da na gani a baro bakin garma ne. Saminu bai shiga shagon nan ba. Malam Zakiyyu ma bai shiga ba, ga kuros ɗin da yake ƙi yana nan a ciki. Wanda ya ɗauki akwatin ta cikin gida ya fita da shi, bai sayar da komai ba, bai ɓata komai ba. Abu biyu ya cire ya yi musu kabari a gindin kuka. Ni a ganina a tsaya nan."

Ɗan sandan ya ce ba a rufe magana babu suna. Zaure ya ɗauki hayaniya. Sai aka ji murya daga soron ciki.

"Kada ku wahalar da bawan Allah. Ni ce."

Nana ce, Haulatu na riƙe da ita. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ja mayafi, ta dubi ƙanenta.

"Yaya?" in ji Amadu. "Ke da ba kya iya..."

"Na iya jiya. Amadu, kai ba ka san Baba ba, kana ciki aka tafi da shi. Ni ina da shekara bakwai. A Daura aka loda su a mota, kusa da Kusugu, ina riƙe da bakin rigarsa har sai da wani soja ya ɓamɓare hannuna. Aka ce yaƙin Hitila za su. Daga baya aka ce ba ma wajen Hitila aka kai su ba, wata ƙasa ce Bama. Waɗanda suka dawo wani ya ce zazzaɓi ne, wani ya ce kogi ne, wani ya ce ya gan shi da rai. Inna ta shekara talatin da ɗaya in ta ji mota ta tsaya sai ta gyara ɗaurin kallabi. Ko maɓallin rigarsa ba wanda ya kawo mata. Haka ta mutu."

Nana ta ci gaba.

"Shekara nawa ina share ƙarƙashin gadonka, ina ɗauka takardun makaranta ne a akwatin. Sai shekaranjiya na ji kana gaya wa yaron nan cewa ƙarfen da ba a karya ba, ba a sanar da uwar mai shi ba. Ashe abin da Inna ta mutu tana jira, irinsa ne kake kwana a kansa. Ɗan wata ne, Amadu. Mai cokalin ma ɗan wata ne. Ka mayar da su abin nuna wa baƙi. Na ce tun da ba za a kai su gida ba, gara a rufe su kamar mutane. Kuros ɗin ban san hukuncinsa ba, na bar shi."

Ta juya wajen Saminu. "Kai kuma, ɗana, sai da yamma na ji abin da aka yi maka. Na buɗe baki zan yi magana kunya ta rufe ni. Ka kwana da ciwo saboda ni. Ka yafe mini."

Mai unguwa ya dubi Zakiyyu da liman. Zakiyyu ya ce a hankali, "Babu sata a nan. Kayan ɗan'uwanta ne, a gidan da take ciki." Bai ce komai ba game da kabarin.

Amadu ya sunkuyar da kai. "A can tsoro na ji, don an hana fita da irin kayan nan. Da na dawo na ce sai na samu natsuwa zan rubuta wasiƙa. Daga baya kuma, gaskiya, labarin ne ya yi mini daɗin bayarwa." Ya goge fuska da hula. "A bar su inda Yaya ta sa su. Lambar da ke jikin ƙarfen tana kaina."

*

Samarin sun ba da haƙuri, iyayensu suka ɗauki nauyin ɗori. Zailani ya je wurin Saminu shi kaɗai ya durƙusa. Saminu ya ce, "Na yafe," idonsa na kan bango. Hannun ya warke a karkace, bai ƙara iya tura baro da kaya ba. Kafin a gama girbi ya koma ƙauyensu. Sau biyu Zailani yana tsallaka iyaka nemansa da buhun gero a bayan babur, a na biyun aka ce ya tafi Damagaram, ba a san unguwar ba.

Amadu ya rubuta wasiƙar ya aika ta ofishin jakadancin Jamus. Wata bakwai shiru. Ranar da amsa ta zo ya aika a kira Zailani, ya ce da shi aka fara, ya kamata ya ji ƙarshe. Suka zauna a ƙofar ɗakin Nana, Amadu na karantawa yana mayarwa da Hausa.

Sun gano mai lambar. Sunansa Emil Hartung, ɗan wani mai gasa burodi, shekararsa goma sha tara. Tun lokacin yaƙi an rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace. Sun gode ƙwarai, yanzu za su sa sunansa a bangon wata maƙabarta da aka buɗe wa sojojinsu a can Rasha. Sai dai ba su sami wanda za su sanar ba. Ƙanwarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ba ta bar baya ba.

Nana ta gwada sunan a bakinta sau biyu. Ta tambayi mai cokalin, Amadu ya ce suna ɗaya ne kawai a jiki, irinsa dubbai ne a Rasha, ba yadda za a gane shi.

"Uwar Bajamushen fa?"

Amadu ya sake duba takardar, ko da yake ya riga ya karanta wurin. "Sun ce duk shekara tana rubuto musu tana tambaya. Ta rasu a tamanin da uku."

Nana ta yi lissafi da yatsunta a kan carbi. "Kai a saba'in da huɗu ka dawo, shekarar da Inna ta rasu."

"Haka ne."

"Da ka aika a lokacin, da ta ji?"

Amadu ya ninke takardar.

"Da ta ji, Yaya."